Jagorar Fatauci Daga Kaduna Zuwa Mayo Ndaga da Kan Iyaka a Tsaunin Mambila

Ɗan kasuwar Kaduna idan aka ambaci bakin iyaka, Jibiya ko Illela ko Maigatari ne ke fara zuwa ransa, wato wuraren da ƙasa take a shimfiɗe, mota ke shiga da safe ta fito da yamma, kuma Hausa ke biya wa mutum kowace buƙata. Akwai wata iyakar ta daban a gabas, a saman tsaunin Mambila da ke Ƙaramar Hukumar Sardauna ta Jihar Taraba, inda garin Mayo Ndaga da ƙauyen Kan Iyaka suke zaman ƙofar da fatake da matafiya ke bi zuwa Banyo a ƙasar Kamaru. Wanda ya ɗauki lissafin Jibiya ya hau da shi wannan dutse zai sauko da asara, domin a can hanya ce take yanka farashin kaya kafin mai saye da mai sayarwa su buɗe baki.

Yana da kyau a fara sanin dalilin da ya sa ƙauyen da kwalta ba ta kai gare shi ba ya zama mahaɗar ciniki. Yankin yana cikin ƙasar da Jamus ta mulka da sunan Kamaru. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya koma hannun Ingila, sannan a ƙuri'ar raba gardama ta watan Fabrairun 1961 mutanen Arewacin Kamaru ta Ingila suka zaɓi zama da Najeriya, aka haɗe su a ranar 1 ga Yunin wannan shekarar da sunan Lardin Sardauna. Layin da aka shata ya ratsa tsakiyar dangi da makiyaya da tsofaffin hanyoyin fataken goro, don haka zirga-zirga ba ta taɓa tsayawa ba, har bayan hukuncin da Kotun Duniya ta yanke a kan iyakar ƙasashen biyu a ranar 10 ga Oktoban 2002. Daga baya kuma rikicin da ya kunno kai tun 2016 a yankunan Kamaru masu magana da Turanci ya sa matafiya da yawa sun ƙaurace wa hanyoyin kudu, suka koma bin Mayo Ndaga, saboda ita tana faɗawa ne cikin Jihar Adamawa ta Kamaru, wadda rikicin bai mamaye ba.

Matakin farko: zaɓen lokacin tafiya

Tsaunin yana da tsayin kusan mita 1,600 sama da teku a galibin wurare, kuma a gefensa ne dutsen Chappal Waddi yake, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya da mita 2,419. Wannan tsayi shi ke jawo damina mai tsawo, wadda kan fara tun wajen Maris ko Afrilu ta kai Oktoba ko ma Nuwamba, lokacin da manoman Kaduna suka daɗe da fara girbi. Ƙasar wurin jan yumɓu ce, kuma idan ta sha ruwa takan zama taɓo mai santsi wanda ke iya riƙe mota kwana da kwanaki a wuri guda. Saboda haka sabon ɗan kasuwa ya tsara tafiyarsa tsakanin Disamba da farkon Maris. Gaskiya ne kaya sun fi tsada a can da damina, kuma wannan tsadar takan ruɗi mutum, amma ribar ta masu rumbu ce a garin, waɗanda suka tara kaya tun rani. Baƙon da ya taho daga Kaduna a watan Agusta zai biya kuɗin mota ninki, ya kuma kwana a jeji yana gadin kayansa.

Rani ma yana da nasa sharaɗin, wato sanyi. Daren Disamba da Janairu a Nguroje, ɗaya daga cikin garuruwan da ke kan tsaunin, ya wuce hunturun da aka sani a Zariya ko Kaduna, don haka a tafi da rigar sanyi mai kauri, da bargo, da safa, da hular sanyi, da takalmin roba mai tsawo ko da ba a sa ran ruwa.

Mataki na biyu: zuwan farko na gani da ido ne

Shawarar da ta fi kowace muhimmanci a wannan jagora ita ce kada a ɗauki kaya a zuwan farko. A tafi da kuɗin guzuri, da littafi, da ɗan samfurin abin da ake son sayarwa, kamar turmin atamfa biyu ko uku da ƙullin citta. Mutane da yawa suna ganin wannan ɓarnar kuɗin mota ne, alhali kuɗin motar mutum ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da zai salwanta ba idan aka kai lodin da kasuwar ba ta so.

Kafin a tashi, a nemi wanda zai haɗa mutum da mai masauki. A Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da Kasuwar Barci da Zangon shanu na Tudun Wada ba a rasa wanda ke da ɗan'uwa ko abokin ciniki a Jalingo ko Gembu, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Sardauna, kuma ta irin wannan sarƙar ake samun sunan dattijon da za a sauka a hannunsa. Aikin mai masauki ya wuce ba da ɗaki. Shi ne zai ajiye kaya, ya gabatar da baƙo ga shugabannin kasuwa da na tasha, ya faɗi wanda ake ba bashi da wanda ba a ba, ya kuma tsaya idan rigima ta taso. A tafi masa da tsaraba wadda ta dace da girmansa, kamar shadda ko hula ko turare, kuma idan an isa a gaishe shi yadda ake gaida uba, a ce, "Baba, na zo ne in koyi hanya a hannunka," kafin a kawo maganar ciniki. Tun a zaman farko a tambaye shi yadda ake biyan la'ada a garin, a rubuta, domin kunyar yin wannan tambayar ita ke haifar da saɓani daga baya.

Abin da za a cika littafin da shi ya haɗa da ranar da kowace kasuwa ke ci, da farashin sari da na kiri, da kuɗin dakon buhu daga zango zuwa zango, da adadin shingayen jami'ai, da irin launi da zanen atamfar da matan wurin ke ɗaurawa. Kasuwannin tsaunin na mako-mako ne, kowane gari da ranarsa, kuma wanda ya iso washegarin kasuwa zai zauna jiran mako guda yana cin uwar kuɗi.

Mataki na uku: takardu

A nan ne wanda ya saba da Maraɗi ya fi yin kuskure. Kamaru ba ta cikin ƙungiyar ECOWAS, tana cikin CEMAC ta ƙasashen tsakiyar Afirka, don haka sauƙin da aka saba samu a iyakar Nijar ko Benin bai shafi nan ba. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza don ziyarar da ba ta wuce kwana 90 ba, amma takardar da ba a gardama a kanta ita ce fasfo na ƙasa da ƙasa, wanda ake yi a ofishin hukumar shige da fice a nan Kaduna. Bayan shi sai katin rigakafin cutar shawara, mai ruwan ɗorawa, wanda ba ya fara aiki sai allurar ta kwana 10, saboda haka ba abin da za a bari sai ana gobe tafiya ba ne. Allurar sau ɗaya ake yin ta, ta isa har ƙarshen rayuwa. A riƙe katin shaidar ɗan ƙasa, da katin ƙungiyar 'yan kasuwa idan akwai, a kuma yi kwafin kowace takarda a ajiye a wata jaka daban, a naɗe cikin leda saboda laima.

Kaya ma suna da nasu takardun. Kowane abu da aka saya a Kaduna a karɓi rasit mai ɗauke da sunan shago da kwanan wata da adadi, domin a yankin iyaka jami'in kwastam yana da hurumin tambayar asalin kaya ko da ba a tsallaka da su ba. Jihohin Adamawa da Taraba suna ƙarƙashin shiyyar kwastam ɗaya mai hedikwata a Yola. Akwai abubuwan da dokar Najeriya ta hana fita da su, daga ciki har da masara, da katako, da ɗanyar fata, da tsofaffin ƙarafa, da kayan tarihi, da namun dajin da ke fuskantar ƙarewa, da kuma kayan da aka shigo da su daga waje. Shinkafar waje kuma an hana shigo da ita ta iyakar ƙasa. Dokokin nan suna sauyawa, kamar yadda aka gani lokacin da aka rufe iyakoki a watan Agustan 2019 ba a fara buɗewa ba sai Disamban 2020, don haka kafin kowace tafiya a tambayi halin da ake ciki daga bakin jami'i, kada a dogara da labarin tasha.

Mataki na huɗu: zaɓen kaya da lissafinsu

Kayan da suka tashi daga Kaduna ba sa isa Kan Iyaka a mota ɗaya. Za a sauke su a Jalingo, a sake lodi zuwa Nguroje ko Gembu, a sake sauke su a ɗora wa motar daji zuwa Mayo Ndaga, wani lokaci kuma babur ne zai ƙarasa da su. Kowace saukewa tana da kuɗin 'yan dako, da na 'yan kamasho, da haɗarin fashewa ko ɓacewa. Direba kuma da nauyi da girma yake yanka kuɗi, ba ruwansa da darajar abin da ke cikin buhun. A ɗauka, don misali kawai, cewa dakon buhu ɗaya daga Kaduna zuwa Mayo Ndaga ya tashi naira 30,000. Idan abin da ke ciki na naira 40,000 ne, dako ya kusa ninka farashinsa tun kafin a yi maganar riba, amma idan dilar atamfa ce ta naira 600,000, dakon kashi biyar ne kacal cikin ɗari. Wannan lissafin shi ne ginshiƙin fataucin dutse: a ɗauki abu mara nauyi, mai daraja, wanda ba ya ruɓewa, ba ya fashewa, kuma laima ba ta kashe shi da wuri.

Sai tambaya ta biyu, wadda ita ce me Kaduna ta fi wasu garuruwa da shi. Robobi da kayan gyaran babur da kayan lantarki suna hawa tsaunin daga kasuwannin Onica da Aba ta hanyar Takum, kuma waɗanda ke kawo su sun fi ɗan Kaduna kusa da tushe, don haka gogayya da su wahala ce. Ƙarfin ɗan Kaduna yana cikin kayan Arewa: shadda da atamfa da yadi, ɗinkakkun kaftani da huluna, hijabai, turaren wuta da humra, busasshiyar cittar Kachiya da kewaye, busasshen barkono da kauɗar tumatir, kuka da daddawa, da littattafan addini. Rigunan sanyi da barguna na gwanjo daga Kasuwar Barci suna da masu so a ƙasar da sanyi ba ya ƙarewa, amma da yake kayan waje ne, a sayar da su a ɓangaren Najeriya kawai. Gishiri da kanwar shanu suna da kasuwa sosai saboda yawan makiyaya, sai dai nauyinsu ya sa sun fi dacewa da mai babbar mota.

Akwai abubuwa uku da za a yi wa baƙo tayinsu da daɗin baki, kuma ya kamata ya toshe kunnensa. Na farko man fetur ne a jarkoki, wanda fasa-ƙwaurinsa ya daɗe a wannan hanya, har gwamnati ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka a 2019. Na biyu magunguna ne, musamman irin waɗanda hukumar NDLEA ke farauta. Na uku kuma shuɗin dutse mai daraja da ake haƙowa a wajen Mayo Sina kusa da Nguroje, wanda cinikinsa ke buƙatar lasisi da ido na gwani, kuma wanda bai san shi ba kwalba zai saya. Haka nan kada a karɓi saƙon da ba a buɗe an gani ba, ko daga hannun wa ya fito.

Wajen ɗauri, a sa kowace dila cikin leda mai kauri kafin a sa ta a buhu, a ɗinke, a rubuta suna da lambar waya da lambar buhu a gefe biyu. Kada buhu ya wuce abin da mutum ɗaya zai iya ɗagawa ko babur zai iya ɗauka, domin babbar dila da ta yi kyau a Kaduna sai an farke ta a Gembu.

Mataki na biyar: hanya daga Kaduna zuwa gindin dutse

Hanyar da aka fi sani tana bi ta Pambeguwa da Saminaka zuwa Jos, daga nan Bauchi, Gombe, Kaltungo, Numan, sannan Jalingo. Akwai ta kudu wadda ke bi ta Lafiya da Makurɗi da Katsina-Ala zuwa Takum, amma ga mai tafiyar farko ta Jalingo ta fi sauƙin samun mota da masauki. A je tashar Kawo kwana ɗaya kafin tafiya a kama kujera a motar farko, a daidaita kuɗin kaya, a karɓi takardar lodi. Yini guda cur ake yi kafin Jalingo, kuma a nan ya kamata a kwana.

Washegari da asuba a kama motar Gembu, wadda za ta bi ta Garba Chede da Bali zuwa Serti, inda hedikwatar gandun dajin Gashaka Gumti take, wanda ya fi kowane gandun daji na ƙasa girma a Najeriya. Wannan yanki ƙasa ce mai zafi da kurmi, garuruwa suna nesa da juna, kuma ba a bin sa da dare, saboda lalacewar hanya a wasu wurare da kuma matsalar tsaro. Idan mota ta makara har la'asar ta yi ba a wuce Serti ba, a kwana a nan, ko da direba ya ce zai iya. Mai tafiya da motarsa ya cika tanki a Bali ko Serti, domin mai yana ƙara tsada da zarar an hau sama.

Daga Mayo Selbe ake fara hawa. Hanyar tana nannaɗe jikin dutsen da kwanoni masu kaifi, gefe ɗaya bango, ɗaya gefen rami mai zurfi, kuma a cikinta ne hawan da ake kira Biyu da Sisi yake. Motar da aka yi wa lodi fiye da kima takan tsaya a tsakiyar hawan, sai ka ga yaron mota ya diro da gudu da katon dutse ko guntun katako a hannu yana cusawa a bayan taya kafin ta fara ja da baya, fasinjoji kuma su sauka su taka da ƙafa. Saboda haka idan ana lodi a Jalingo aka ga an ɗora wa mota abin da ya fi ƙarfinta, gara a jira ta gaba. Hazo yakan rufe hanyar da sassafe da kuma yamma, har direba ya kasa ganin abin da ke gabansa da 'yan taku kaɗan. Da an kai sama iska za ta sauya, kunnuwa su toshe su buɗe, a shiga Maisamari, sannan Nguroje, ga tuddai masu ciyawa da shanu da layukan itacen turare ko'ina. Gonar shayin Kakara, inda ake yin Highland Tea, tana wannan yanki kafin a kai Gembu.

Mataki na shida: daga ƙarshen kwalta zuwa Mayo Ndaga

A Gembu ne hedikwatar ƙaramar hukuma take, da babban asibiti, kuma a nan harkar banki ta fi tsayawa, don haka duk abin da ya shafi cirar kuɗi ko tura su a gama shi kafin a wuce. Gaba da nan layin waya yana zuwa yana ɗaukewa, kuma cinikin ƙauye da tsabar kuɗi ake yin sa. A rarraba kuɗin a wurare biyu ko uku, abin da ya yi yawa kuma a damƙa wa mai masauki amana a gaban shaida.

Motocin Mayo Ndaga ana samunsu daga Nguroje ko Gembu, kuma galibinsu tsofaffin Land Rover ne da manyan motoci masu taya shida irin na soja, waɗanda makanikan tsaunin suka ƙware wajen raya su shekara da shekaru. Ana ɗaure musu kaya har sama da rufi, fasinja su zauna a kan kayan. Ba su da lokacin tashi sai sun cika, kuma sun fi samuwa ana gobe kasuwa. Ɗan kasuwa ya tsaya da kansa a wurin lodi, ya ƙirga buhunansa, ya tabbatar an sa masu tsoron ruwa a tsakiya an rufe da tamfol, kuma ba a jingina atamfa da jarkar mai ko ta manja ba. Idan hali ya yi ya hau motar da kayansa suke ciki. Kuɗin dako a biya rabi a tasha, rabi idan an sauke lafiya, a gaban ɗan kamashon da ya haɗa cinikin. Wanda ba shi da kaya babur ya fi masa sauri, amma ya zaɓi ɗan acaɓan da mai masauki ya sani, domin hanyar tana da rassa da yawa da ba su da alama.

Mataki na bakwai: ciniki da canjin kuɗi

Fulatanci ne harshen da ya haɗa kowa a tsaunin, tsakanin Mambilawa da Fulani da Kaka da sauran ƙabilu, Hausa kuma tana biye, a tsallake kuwa sai an haɗa da Faransanci a gaban jami'ai. Hausa za ta isa a yi ciniki, amma gaisuwa da ƙirga da Fulatanci suna sassauta farashi, kuma suna hana a yi magana a kan mutum yana tsaye. Maganar filaye da kiwo da noma tana da zafi a wannan yanki, an sha samun rikici a kanta, don haka baƙo ya kama bakinsa ko da an ja shi da hira.

Kuɗi biyu ne ke yawo a kasuwar, naira da sefa, kuma sefar nan ba irin ta Nijar ba ce. Ta Kamaru babban bankin ƙasashen tsakiyar Afirka da ke Yawunde ne ke buga ta, ta Nijar kuma na yammacin Afirka da ke Dakar. Darajarsu ɗaya ce a kan yuro, wato sefa 655.957 a yuro ɗaya, amma mai shago a Banyo ba zai karɓi ta Maraɗi ba, kuma ɗan canjin da ya yarda ya karɓa sai ya rage mata daraja. An kuma fitar da sababbin takardun sefar tsakiyar Afirka a Disamban 2022, saboda haka a nemi mai masauki ya nuna wa mutum waɗanda ke tafiya da waɗanda aka daina karɓa kafin ya je wurin 'yan canji. Ana faɗin farashin canji ne a kan jaka, wato sefa 1,000, kuma a tambayi mutum biyu ko uku kafin a yanke. Wanda ya saba da ƙirgar dala, inda dala ɗaya take sefa biyar, ya tabbatar da irin ƙirgar da abokin cinikinsa yake nufi, hanya mafi sauƙi kuma ita ce a rubuta adadin a waya kowa ya gani. Idan an sayar da kaya da sefa, a lissafa ribar da farashin da za a mayar da ita naira a ranar, kuma kada a sauko da ita Kaduna da fatan za ta tashi, sai dai idan da ita za a sayi kayan dawowa.

Bashi shi ne abin da ke karya baƙo. Za a karɓi kaya a ce sai kasuwa mai zuwa, alhali mai karɓar yana iya zama a ƙauyen da ke tsallaken iyaka, inda ba wanda zai bi shi. Duk bashin da mai masauki bai tsaya a kansa ba kada a bayar, wanda ya tsaya a kai ma a rubuta, kuma kada ya wuce abin da mutum zai iya haƙura da shi.

Mataki na takwas: a tsallaka ko a tsaya

A ganina, a shekarar farko ɗan kasuwa ya tsaya a ɓangaren Najeriya, ya sayar a Nguroje da Gembu da Mayo Ndaga, ya bar masu saye daga Kamaru su ji da harajin ƙasarsu, tunda su suka san jami'ansu da dokokinsu. Ribar ta fi ƙanƙanta, amma ana ganin ƙarshenta. Wanda ya ga mazauna iyaka suna wucewa a kan babur ba a tambaye su komai ba, kada ya ɗauka shi ma haka za a yi masa, domin su an san iyayensu da gonakinsu.

Idan tsallakawar ta zama dole, a buga hatimin fita a ofishin shige da fice na Mayo Ndaga, a nuna kaya ga kwastam, sannan a wuce Kan Iyaka, a kuma tabbatar an buga hatimin shiga a ofishin farko na Kamaru kafin a kama hanyar Banyo. Rashin wannan hatimi shi ne abin da jandarmomi za su kama mutum da shi a kowane shinge. A gaida jami'i da "yallaɓai", a miƙa takarda ba tare da gardama ba, duk kuɗin da aka ce na hukuma ne a nemi rasit cikin ladabi. Kuɗin da ya kai darajar dalar Amurka 10,000 doka ta wajabta a bayyana shi. Shiga da motar kai yana buƙatar takardar izinin kwastam da inshorar ƙasashen CEMAC, domin ta ECOWAS ba ta aiki a can, don haka ya fi sauƙi a bar motar a Gembu. Agogon ƙasashen biyu ɗaya ne, amma layin waya sai an sayi na can. Daga Banyo hanya tana zuwa Tibati da Ngaundere ta gabas, ko Fumban ta kudu, kuma kada a karkata zuwa yankin Arewa maso Yamma na Kamaru inda rikici yake.

Mataki na tara: kayan dawowa

Fatauci a wannan hanya ba ya biya sai an yi lodi zuwa da dawowa, domin kuɗin motar komawa dole ne a biya shi ko da hannu wofi aka sauko. Abin da ya fi aminci shi ne ganyen shayin Kakara a kwalinsa, da zuma, da man shanu. Zumar a saye ta ta hannun wanda mai masauki ya amince da shi, a ɗanɗana daga ƙasan jarka ba daga sama kaɗai ba, a zuba a sababbin jarkoki, a bar ɗan sarari a wuya saboda takan kumbura idan ta shiga zafi. Piya da ayaba suna da araha ƙwarai a sama, kuma arahar tana jan ido, amma da zarar mota ta sauka Mayo Selbe ta shiga zafin Serti da Bali sai su fara nuna gaba ɗaya. Wanda zai ɗauke su ya sayi ɗanyu masu tauri da aka tsinka da hannu, ya zuba a kwando ko kwali mai huji maimakon buhu, ya kuma riga ya yi magana da mai saye a Kaduna kafin ya baro Gembu. Amfanin gona ko dabba da aka shigo da su daga Kamaru suna bi ta hannun jami'an killace tsirrai da dabbobi, a nemi takardarsu. Shanun tsaunin, har da gudalin Banyo, suna da kyau, sai dai cinikinsu na masu babban jari ne da suka san dillalai da harajin hanya, kuma kafin su iso Zangon Tudun Wada za su tarar da shanun da suka zo daga kusa da kuɗin mota kaɗan.

Saukowa daga dutsen ta fi hawa haɗari, saboda birki yakan yi zafi ya daina kamawa idan direba ya dogara da shi kaɗai. Direban kirki da babbar giya yake saukowa, wato ta ɗaya ko ta biyu, yana taɓa birki kaɗan-kaɗan, kuma yakan tsaya a duba tayoyi kafin a fara gangara. A baro Gembu da sassafe yadda za a isa Jalingo da sauran rana, a kwana, a kamo hanyar Kaduna washegari. Idan an iso, a fara sauke masu lalacewa a kai wa wanda aka yi alkawari da shi a ranar, sannan a zauna da littafi a cire kuɗin mota, da dako, da la'ada, da masauki, da abinci, da asarar canji, da bashin da ya rage a can, a raba abin da ya saura da yawan kwanakin da shago ya yi babu mai shi. Wannan adadin ne za a kwatanta da abin da jarin zai kawo da a Kaduna aka juya shi, kuma da shi za a yanke yawan lodin da za a ɗauka a tafiya ta gaba, da kuma ko za a riƙa aika kaya ta hannun direba da mai masauki maimakon zuwa da kai kowane lokaci.